Babi na Shida: Ilmin Injuna, da Wanda Ya Kamata Ya Neme Shi a Ƙasar Birnin Gwari

Duk wanda ya tashi daga Kaduna ya fuskanci yamma, ya wuce Buruku da Udawa, ya doshi Birnin Gwari bisa tsohuwar hanyar Ikko, tafiyar da ba ta fi kilomita 120 da 'yan kai ba amma tsoro ya daɗe yana ƙara mata nisa, in ya natsu ya lura da abin da ke gefen hanya da cikin ƙauyuka, zai tarar rayuwar mutanen wannan ƙasa ta rataya a wuyan injuna fiye da yadda su kansu suke tsammani. Babur ne ke kai mai naƙuda asibiti, shi ne kuma ke fito da buhun masara daga gonar da mota ba ta isa. Injin niƙa ne ya hutar da mata daga dutsen niƙa. Injin ban-ruwa ne ke raya fadama da rani. Ga tarakta, ga injin ɓarar masara, ga janareta, ga manyan motocin da ke lodin hatsi da gawayi, ga kuma injunan da masu haƙar zinariya ke niƙa dutse da su a cikin daji. Mafi yawan waɗannan kaya daga ƙasar Sin ko Indiya ko Japan aka kawo su, waɗanda suka zana su kuwa ba su taɓa shaƙar ƙurar hunturunmu ba, ba su san lakar hanyar Funtuwa da damina ba, ba su kuma san irin man da ake sayarwa a kwalba a bakin kasuwa ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce, cikin yaran da ke gama sakandare a wannan yanki, da ma cikin magidantan da suka daɗe da sifana a hannu, ana samun wanda zuciyarsa ke raya masa ya tafi ya karanta ilmin handasar injuna ya zama injiniya. Domin wannan mutum na rubuta babin nan, ko shekarunsa goma sha takwas ne, ko sun haura talatin da biyar.

Abu na farko da ya wajaba a warware, tun kafin a zo maganar jarrabawa da kuɗin makaranta, shi ne bambancin da ke tsakanin bakanike da injiniya, domin rashin sanin wannan bambanci ya jefa samari da yawa cikin nadama bayan sun riga sun shiga. A bakin jama'armu duk wanda ya iya kwance inji ya ɗaura, injiniya ne, kuma ba na ganin laifin wannan girmamawa, domin kanikawanmu sun cancanci fiye da haka. Sai dai a wajen majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970 don tsara aikin injiniyoyi a Nijeriya, ma'aikatan fannin darajoji huɗu ne, wato injiniya mai digiri, da masanin fasaha mai babbar difloma, da mai ƙaramar difloma, da mai sana'ar hannu, kowa da rajistarsa da iyakar abin da zai sa wa hannu. Bakanike yana mai da inji yadda mai shi ya ƙera shi. Shi kuwa injiniya, aikinsa shi ne ya yanke hukunci, tun kafin a yanka ƙarfe, a kan kaurin da sanda za ta yi, da irin ƙarfen da za a yi ta da shi, da gudun da za ta jure, da shekarun da za ta yi kafin ta gaji, sa'an nan ya ɗauki alhakin abin da ya hukunta in rai ko dukiya ta salwanta. Mafi yawan yininsa a kan takarda da kwamfuta da ma'auni yake ƙarewa, wanda kuwa ya shiga jami'a yana ɗokin a miƙa masa sifana ran farko zai daɗe yana fama da alƙalami kafin hannunsa ya taɓa baƙin mai yadda yake so.

Bari in kawo misali guda wanda kowane mai noman rani a fadamun ƙasar nan ya sani. Idan ruwa ya ja baya cikin watan Maris ko Afrilu, ya yi nisa ƙasa da inda aka girke injin ban-ruwa, sai inji ya yi ta kuka ba ya kawo ruwa. Mai gona ya kira bakanike, a canja fulogi, a wanke kafireto, a duba tiyo ko yana shan iska, wani ma har ya sayar da tunkiyarsa ya sayo inji mafi girma, amma ruwa ya ƙi hawa. Tsohon bakanike mai basira zai ce, "Alhaji, injinka lafiyarsa lau, a sauko da shi kusa da ruwa," kuma ya faɗi gaskiya, domin ya sha ganin haka. Abin da injiniya ya ƙara a kansa shi ne sanin dalili: cewa irin wannan inji iyakarsa ya rage iskar da ke cikin tiyo, sai nauyin iskar sararin samaniya da ke danne fuskar kogi ya tura ruwan sama, wannan nauyi kuwa, komai girman inji, ba zai ɗaga ruwa fiye da mita 10 da ɗan ɗoriya ba ko da a lissafi, a aikace ma da wuya a wuce mita 7 ko 8. Wanda ya san haka ba zai bari talaka ya yi hasarar tunkiyarsa ba, zai san tun farko cewa rijiya mai zurfi famfon da ake zurawa cikin ruwa take bukata, wanda ke turo ruwa daga ƙasa, zai kuma iya lissafa faɗin tiyo da ƙarfin inji da yawan farantan sola da za su isa shayar da kadada guda ta tumatir, ba tare da an sayi abin da ya wuce bukata ba. To, ya kai mai karatu, in ka ji wannan bayani ya faranta maka rai har kana son sanin yadda aka kai ga mita 10 ɗin, alama ce mai kyau. In kuwa ka ji ya ishe ka a ce a sauko da inji, babu aibi ko kaɗan, amma ka sani shekara biyar ɗin jami'a irin wannan bayani ne tun daga farkonsu har ƙarshensu.

Domin abin da ake karantawa a can shi ne hisabi mai zurfi, wanda ke auna yadda abu ke sauyawa daga ƙiftawa zuwa ƙiftawa. Da ilmin ƙarfin kaya, wanda ke bayyana abin da ya sa sandar injin niƙa ke karyewa bayan 'yan watanni alhali ba a ɗora mata nauyin da ya fi na kullum ba, saboda ƙarfe ma yana gajiya, tsaga 'yar ƙarama takan fara daga wurin da aka yi walda ko aka bar lungu mai kaifi, ta yi ta ci a ɓoye har ranar da za ta raba shi biyu. Da ilmin zafi, wanda ke nuna cewa cikin fetur ɗin da ka zuba wa inji abin da ke zama aiki da wuya ya wuce sulusi, saura duk zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Da ilmin gudanar ruwa da iska, da ilmin ƙarafa, da zanen injuna. Duka da Turanci ake yi. A shekara ta huɗu ɗalibi kan tafi masana'anta ya yi wata shida yana koyon aiki, sa'an nan ya dawo ya ƙera wani abu da hannunsa a shekarar ƙarshe.

Kada kuwa wani ya ɗauka wannan ilmi baƙo ne ga addininmu, ko neman duniya ne zalla. Allah Maɗaukakin Sarki ya ba mu labarin yadda ya tausasa wa Annabi Dawuda, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ƙarfe, ya sanar da shi ƙirar sulke, ya kuma umarce shi da kyautata ma'auni a cikin saƙarsa. Imamu Gazali, a farkon Ihya'u, ya sanya likitanci da hisabi da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa cikin farali na kifaya, wanda in gari ya rasa mai tsayuwa da shi, laifi ya hau kan kowa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a da zaunar da su a garuruwa da ƙauyuka cikin abin da ya wajaba a kan shugaba. Tun kafin Bello kuma, al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir hidima, ya kammala littafinsa a 1206, inda ya siffanta na'urori hamsin, cikinsu har da injunan ɗaga ruwa daga kogi zuwa tudu, wato matsalar nan da manomin raninmu ke fama da ita har yau.

In ana son a ga abin da rashin wannan farali ke jawowa, ba sai an je nesa ba. A 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. A 2015 kuma irin wannan musiba ta auku a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, wadda ke maƙwabtaka da Birnin Gwari, yara 28 suka rasu. Asalin abin shi ne duwatsun zinariyar da ake haƙowa suna ɗauke da dalma, aka riƙa kawo su cikin gari, har cikin gidaje, ana niƙa su a bushe da injuna irin na niƙan hatsi, ƙura ta bazu a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi magani, an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, Allah ya saka musu. Amma rigakafin kansa aikin injiniya ne, domin a niƙa dutse da ruwa yadda ƙura ba za ta tashi ba, a killace wurin niƙa nesa da gidaje, a tsara inda gurɓataccen ruwa zai kwanta kada ya gangara rafi, duk tambayoyi ne na zane da ma'auni. Ƙasar da ake haƙar zinariya a cikinta tun zamanin Turawa, kamar Birnin Gwari, ba ta da hujjar sakankancewa, kuma ina ganin da za a sami 'ya'yanta ko da kaɗan ne da suka san wannan aiki, suna jin harshen mahaƙa, mahaƙa kuma sun yarda da su, da sun fi tawagar baƙi goma amfani.

Amma bukatar al'umma daban, samun albashi daban, kuma zalunci ne a ɓoye wa mai neman shawara wannan. Iyayenmu sun ga zamanin da injiniya ke gama Jami'ar Ahmadu Bello aiki na jiransa a Kaduna: masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, ma'aikatar ƙera makamai ta biyo baya a 1964, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980. Wannan zamani ya wuce. Manyan masaƙun sun rufe ɗaya bayan ɗaya cikin shekarun 2000, matatar ta daɗe ba ta aiki yadda aka gina ta ta yi, kamfanin ƙarfe na Ajakuta da aka fara ginawa tun 1979 har yanzu bai kai ga abin da aka yi niyya ba, alhali jami'o'i sun ƙaru, kowace tana yaye injiniyoyi duk shekara. Ba a rasa guraben aiki ba: akwai tashar lantarki ta Shiroro mai megawat 600 da ta Zungeru mai 700, akwai kamfanonin siminti, da matatar Dangote a Ikko mai tace ganga 650,000 a yini, da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da aikin soja, da masana'antun gyaran shinkafa da na abincin kaji. Sai dai masu nema sun ninka guraben, kuma ɗan ƙauyen da ba shi da kowa a birni yakan daɗe a layi. Wanda burinsa kawai a kira shi Injiniya ya sami ofis da mota, ina yi masa nasiha da ya sake tunani tun da sauran lokaci.

Kasuwar da na fi amincewa da ita ga ɗan Birnin Gwari tana ƙofar gidansa. Ƙasa ce ta masara da dawa da waken suya da shinkafa, ko'ina ana bukatar injin ɓara da na casa da na busarwa da na matsar mai, waɗanda za su jure ƙura, waɗanda kuma maƙerin gari zai iya gyarawa ba sai an aika Kano neman kayan gyara ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya ninka sau da yawa, duk mai injin ban-ruwa ko janareta ya shiga neman wanda zai mai da masa shi na gas ko ya haɗa masa sola, kuma da yawa sun yi hasara a hannun waɗanda ba su iya lissafin abin ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta daɗe tana zana injunan sussuka da makamantansu, abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ɗauki zane ya ƙera da yawa, ya sayar, ya kuma tsaya wa abin da ya sayar. Wannan hanya tana bukatar jari da haƙuri da sanin ciniki, kuma tana bukatar zaman lafiya, wanda ba a hannun injiniya yake ba. A nan ya kamata in ce wani abu game da 'ya mace, domin sau da yawa akan yi wannan magana kamar ba ta shafe ta ba: tun da aikin na lissafi ne da zane, ba na ƙarfin damtse ba, ba abin da zai hana yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa shiga, balle ma mata ne suka fi kowa mu'amala da injin niƙa da na matsar gyaɗa da tukunyar turara shinkafa, su suka san inda kowanne ke cutar da mai aiki da shi.

Maganar zaman lafiya kuwa ta shafi yaro tun kafin ya kai ƙofar jami'a. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100, wanda ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara, ya daɗe yana zama mafakar 'yan bindiga. Ƙauyuka suka tashi, makarantu da yawa suka rufe, malamai suka ƙaura, a 2021 ma gwamnati ta katse layukan waya ta hana hawan babur na wani lokaci, a watan Maris na 2024 kuma aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, a kan wannan hanya tamu. Ko da yake a ƙarshen 2024 an yi sulhu har aka sake buɗe karar dabbobi ta Birnin Gwari, muna roƙon Allah ya ɗorar da shi, shekarun da yaro ya yi ba malamin lissafi ba sa dawowa da sulhu. Jami'a kuwa tana neman kiredit biyar, cikinsu dole da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, waɗannan huɗun ne kuma zai rubuta a jarrabawar JAMB. Yaron da ya tarar da giɓi a karatunsa kada ya ɗauka daƙiƙi ne shi, kada kuma ya yarda a saya masa sakamako, domin takardar da aka saya za ta kai shi aji ɗaya ne kawai, can hisabi ya tona masa asiri. Gara ya ba da shekara guda ya cike giɓin, ko a makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, ko ta hanyar IJMB. Makarantu dai ba su yi nisa ba: ga jami'ar Zariya da aka kafa a 1962, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna wadda asalinta ya koma 1956, ga ta Nuhu Bamalli a Zariya, ga jami'ar fasaha ta Minna, ga ta Bayero a Kano.

Saura magidanci, wanda al'amarinsa ya fi nauyi, kuma a kansa nake so in tsaya. Mu ɗauki mutum mai shekara 35, yana da gareji a bakin tasha, da mata, da 'ya'ya, wataƙila da tsohuwa a ɗaki. In ya ba da shekara guda don gyara sakamakon sakandare, ya yi biyar a jami'a, ya kai 41, wato in malaman jami'a ba su yi yajin aiki ba, ga shi kuwa na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Bayan nan sai ya yi wasu shekaru yana aiki ƙarƙashin manya kafin COREN ta yi masa rajista. Wanda ya gama digiri bayan ya haura shekara 30 ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar ɗauke nauyi ake ba shi, kuma kamfanoni da yawa kan sa iyakar shekaru in za su ɗauki sababbin injiniyoyi, iyakar da shi ya riga ya wuce. Ba kuma ilmi ba ne da za a yi daga gida ta waya, domin yana bukatar ɗakin gwaji da ma'aikata, dole mutum ya tare kusa da makaranta. Asusun NELFUND da ya fara ba ɗalibai rance a 2024 zai iya rage nauyin kuɗin rajista, amma bashi ne, kuma ba zai ciyar da iyali ba. A nan hukuncin shari'a a sarari yake: ciyar da iyali farali ne na aini a kansa, neman wannan ilmi kuwa na kifaya ne, ba a kuwa tozarta na aini don a tsai da na kifaya. Duk magidancin da zai rufe garejinsa ya bar matarsa da 'ya'yansa a hannun dangi, ba tare da tanadi ba, ba tare da yardarta ba, ya fara karatunsa da zalunci, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Wannan ba ya nufin shekaru sun rufe masa ƙofa. Malaman tarihi sun ba da labarin Abubakar al-Ƙaffal na garin Marwa, wanda sana'arsa ƙera kwado ce, ya gwanance a cikinta ƙwarai, sai da ya kai shekara talatin sa'an nan ya juya ga fiƙihu, bai bar duniya ba, a shekara ta 417 bayan hijira, sai da ya zama jagoran Shafi'awan Khurasan. Misalin da ya fi kusa da bakanike kuwa shi ne Soichiro Honda na Japan, wanda aka haifa a 1906, ya taso yaron gareji, ya buɗe nasa, sa'an nan ya shiga ƙera zoben fistan, wanda kanikawa ke kira ringi. Da ya kai wa kamfanin Toyota samfuri aka ƙi karɓar mafi yawansu, sai ya gane abin da ya gagare shi sanin sirrin ƙarfe ne, ba ƙwarewar hannu ba. Yana da kimanin shekara talatin ya koma ya zauna cikin yara a makarantar fasaha ta Hamamatsu, bai rufe ma'aikatarsa ba, bai ma damu da karɓar takardar shaida ba, har ya sami abin da ya je nema, a 1948 kuma ya kafa kamfanin da baburansa suka cika duniya. Abin lura a labarinsa shi ne ya tafi makaranta da tambaya takamaimai a hannunsa, kuma sana'arsa ce ta ɗauki nauyin karatunsa. Ita ce kuwa falalar da babba ya fi yaro da ita: in malami ya zana sandar da ke juyawa a allo, yaro layi yake gani, shi kuwa ya san nauyinta a hannu, ya san ƙarar da boris ke yi kafin ya ci, ya san abokan cinikin da za su sayi abin da zai ƙera. Rauninsa biyu ne, hisabin da ya bari shekara ashirin, da nauyin zama aji ɗaya da sa'o'in ƙannensa, na biyun kuwa yakan gushe cikin wata guda ga mai tawali'u.

Saboda haka ra'ayina ga mafi yawan magidanta shi ne su hau mataki-mataki, yadda duk inda suka tsaya suna da abin riƙewa a hannu. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, akwai ta NABTEB, akwai kuma tsarin hukumar NBTE na auna ƙwarewar da mutum ya samu a bakin aiki a ba shi shaida a kanta. Daga nan sai ƙaramar difloma ta shekara biyu, wadda a wasu kwalejoji akan yi ta da yamma ko a ƙarshen mako a ɗan tsawaita lokacinta, mutum na riƙe da aikinsa. Wanda ya ga da sauran ƙarfi ya yi shekarar aiki ya ɗora babbar difloma, ko ya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, wanda ya ga ya isa haka kuwa ya koma gareji ya iya karanta zane, ya iya auna ƙarfe, ya iya rubuta takardar kwangila. Duk wanda ya shiga tsohuwar kasuwar Panteka a Kaduna ya ga injunan niƙa da na ɓara da ake ƙerawa a can daga tsofaffin ƙarafa, zai gane hannu ba shi ne ya yi mana ƙaranci ba. In aka ɗora wa wannan hannu lissafin shekara biyu, sandar da ke karyewa duk bayan wata shida za ta yi shekaru. Digiri cikakke na bar shi ga wanda yake da mai riƙe masa gareji amintacce, da tanadin abincin gida, da kuma ƙishirwar sanin dalili wadda difloma ba ta kashe ba.

Kafin yaro ko babba ya kashe ko kwabo, bayan ya yi istihara, ya nemi shawarar mutum uku: injiniyan da ke aiki, ya roƙe shi ya yini tare da shi ya ga yadda yininsa ke tafiya, da injiniyan da ya gama bai sami aiki ba, ya tambaye shi abin da zai sake da za a mai da shi baya, da kuma wanda nauyin tafiyar zai faɗa wa, mahaifi ne ko uwargida. Sa'an nan ya gwada kansa da gwajin da ba ya ƙarya. Babba ya sayi littattafan lissafi da fiziks na babbar sakandare, ya sami malami ko ɗalibin da zai riƙa duba masa, ya keɓe sa'a guda bayan sallar asuba kafin ya buɗe gareji, ya dawwama a kan haka shekara guda, ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, da kansa, ba da taimakon kowa ba. Yaro kuwa, wanda littafi bai gagare shi ba amma bai taɓa riƙe sifana ba, ya yi akasin haka: watannin jiran sakamako ya yi su a gareji ko wurin mai walda, ya share, ya wanke kayan aiki, ya ji zafin ƙarfe. Wanda ya fito daga wannan shekara da kiredit ɗinsa, sha'awarsa kuma ba ta ragu ba, ya sayi fom idan JAMB ta fara sayarwa a farkon shekara. Wanda kuwa ya ga abin ya fi ƙarfinsa a yanzu, kuɗin da ya tara don rajista da haya a Zariya ya sa su a injin walda mai kyau da ma'aunai na gaskiya, ya kuma ɗauki nauyin karatun yaro guda cikin yaran garejinsa, wanda ya ga ya fi yawan tambayar dalili.